Daga Mazari Zuwa Inji: Tarihin Saƙa a Ƙasar Daura

Masu nazarin tarihin sana'o'i sukan fara labarin masaƙu ne daga Ingila, inda aka daɗe ana saƙa ulu a cikin gidaje kafin injuna su kwashe aikin zuwa manyan ma'aikatu. A ƙasar Daura kuwa ulu baƙo ne. Tumakin wannan yanki, watau uda da balami da 'yankasa, gashi ne da su wanda ba ya kaɗuwa. Saboda haka ulun da aka sani shi ne mulufi, wanda fatake ke ƙetaro Hamada da shi daga Tarabulus, ya zama kayan sarakuna da adon dawaki. Abin da ya tufatar da talaka auduga ce, ita ce kuma ta bi irin hanyar da ulu ya bi a Turai.

Kafin zuwan Turawa, aikin tufa a raba yake tsakanin cikin gida da waje. Mata su ne da gurza da shiɓa da kaɗi. Mace takan zauna da mazari da alli, ta fitar da zare iri biyu: zarre mai ƙarfi na tsaye, da abawa mai taushi ta kwance. Daga nan masaƙi ya yi wadari, ya zauna a inuwa da ƙoshiya da allera yana saƙa sawaye, waɗanda za a harhaɗa su zama fari ko saƙi ko gwado, wasu kuma su wuce karofi. Abin lura shi ne, sai mata da yawa sun yi kaɗi kafin su ƙosar da masaƙi guda. Ke nan mafi yawan hannayen da ke cikin sana'ar ba a ganinsu a kasuwa, kuma da kuɗin zaren nan ne uwa ke tara wa 'yarta kayan ɗaki.

Daura tana kan hanyar Kano zuwa Damagaram, hanyar da turkuɗin Kura ke bi zuwa ga Buzaye. Ciniki ne babba, domin Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya kimanta tufafin da ake fitarwa daga can a shekara da wuri miliyan 300 aƙalla.

Da Turawa suka ci ƙasa, burinsu shi ne audugar Arewa ta ciyar da injunan Lankasha, su kuma su dawo da akoko. An kafa ƙungiyar BCGA a 1902 don wannan, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911. Amma lissafin bai fita yadda suka so ba, saboda masaƙan gida suna sayen auduga da tsada fiye da farashin Bature, manoman Kano da Daura kuma suka karkata ga gyaɗa.

Abin da ya raunana sana'ar daga baya zaren inji ne. A Ingila ma haka aka yi: injin kaɗi na Arkwright na 1769 ya riga injin saƙa na Cartwright na 1785, makaɗiya ta rasa aiki tun masaƙi yana ganin riba. A nan ma masaƙi ya karɓi zaren kanti da murna, don ya fi araha kuma bai cika tsinkewa ba. Mazari aka fara jinginewa, ba tare da kowa ya rubuta asarar ba, tunda ta mata ce a cikin kulle.

An buɗe masaƙar KTL a Kaduna a 1957, da haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano da Funtuwa, duk a bakin hanyar jirgi, wadda ba ta biyo ta Daura ba. Rabon Daura a wannan zamani shi ne sayen atamfa da yadi, da tura samari ƙwadago. Rashin wutar lantarki da kwararowar yadin waje mai araha suka durƙusar da masaƙun, har KTL ta rufe a 2002, shekara 45 kacal bayan buɗe ta.