Dusar Shinkafa da Ƙwaƙwalwar Jariri: Darasi daga Kuala Lumpur

A farkon ƙarni na ashirin, lokacin da Ingilishi ke mulkin ƙasar Malaya, wadda a yau take cikin Malesiya, akwai wata cuta da ta addabi leburorin haƙar kuza da fursunoni. Takan soma da sanyin ƙafa, sa'an nan tafiya ta gagara, wani lokaci jiki ya kumbura, zuciya ta kasa. Sunanta beriberi, amma ba ta da wata dangantaka da Barebarin Barno. Likitoci da yawa sun ɗauka ƙwayar cuta ce ke kawo ta.

A watan Disamba na 1905 wani likita mai suna William Fletcher ya soma gwaji a asibitin masu taɓin hankali na Kuala Lumpur. Ya raba majinyata gida biyu. Kashi ɗaya aka ci gaba da ba su farar shinkafa wadda inji ya goge, ɗaya kashin kuwa aka ba su wadda aka turara tun tana cikin ƙaiƙayinta, irin yadda mata ke yi a ƙasar Hausa. Cikin mutum 120 masu cin farar, 34 suka kamu, 18 suka rasu. Cikin 123 masu cin turararriyar, biyu kaɗai aka samu da cutar, su ma da ita suka shigo, kuma babu wanda ya mutu. Ya buga sakamakon a mujallar Lancet a 1907. Wajibi ne a tuna cewa waɗannan bayin Allah ba su da ikon amincewa ko ƙi, kuma da rayukansu aka sayi wannan ilmi.

Fletcher ya nuna shinkafa ce, amma bai gano dalili ba. Henry Fraser da Thomas Stanton na Cibiyar Binciken Magunguna ta Kuala Lumpur, wadda aka kafa a 1900, su ne suka nuna cewa ba guba ce a cikin farar shinkafa ba. Wani abu ne mai amfani yake tafiya tare da dusa in an goge ta. Turarawa kuwa takan tura shi cikin ƙwayar. A 1926 aka tsamo wannan abu a Batavia, wato Jakarta ta yau, a 1936 kuma Robert Williams ya harhaɗa shi a Amurka. Shi ne tiyamin, ko bitamin B1.

To, mece ce haɗin dusa da ƙwaƙwalwa? Amsar ta fito daga wani fannin bincike dabam. A 1921 Otto Loewi ya nuna, da zuciyar kwaɗo, cewa jijiya takan isar da saƙo ta hanyar sakin wani sinadari. Irin waɗannan sinadarai tamkar 'yan aike suke tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Na farko da aka sani shi ne asetilkolin, daga baya aka gano gulutamet da GABA da sauransu. A Oxford kuma, cikin shekarun 1930, Rudolph Peters ya ga cewa ƙwaƙwalwar tantabarar da ta rasa tiyamin ba ta iya ƙone sukari yadda ya kamata. Daga wannan ƙonewa ne ƙwaƙwalwa ke samun ƙarfi, daga nan ne kuma take samun kayan ƙera waɗannan 'yan aike uku.

Da can an ɗauka 'yan aiken ba su da aiki sai ƙwaƙwalwa ta gama ginuwa. Bincike na baya ya sauya wannan ra'ayi. A 1989 Yehezkel Ben-Ari da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa GABA, wanda ke kwantar da jijiyar babba, zaburar da ta jariri yake yi. An kuma gano cewa sinadaran nan suna taimakon sababbin ƙwayoyi su yi ƙaura zuwa mazauninsu, su ƙulla hulɗa da juna. Hanyar da saƙo ke yawan bi takan ƙarfafa, wadda aka daina bi takan shafe, kamar turbar daji. Ashe ɗan aiken yana cikin magina.

Saboda haka rashin tiyamin ya fi tsanani ga jariri. Uwar da abincinta farar shinkafa ce zalla, nononta kan rasa shi, ɗanta ya kamu yana ɗan wata biyu ko uku, har muryar kukansa ta dushe. A 2003, a Isra'ila, an sayar da wata madarar jarirai ta waken soya wadda ba tiyamin a cikinta. Wasu jarirai suka rasu. Da masana a Tel Aviv suka bi sawun waɗanda suka tsira, har da waɗanda ba su nuna alamar ciwo ba a lokacin, sai suka tarar da yawansu suna fama da matsalar harshe bayan shekaru.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A yau da shinkafa ta zama abincin yau da kullum a biranen Afirka ta Yamma, abin da aka koya a Kuala Lumpur ya shafi kowace mai ciki da mai shayarwa: turararriyar shinkafa, da wake, da gyaɗa, da hatsin da ba a raba shi da dusarsa duka ba, suna cikin abin da ake gina ƙwaƙwalwar ɗa da shi.