Allurar barci a wajen ɗakin tiyata

Ba a ɗakin tiyata kaɗai ake yi wa majiyyaci allurar barci ba. A asibitoci irin su Babban Asibitin Kawo da ke Kaduna, akan buƙace ta a sashen taimakon gaggawa, domin ɗinke rauni ko gyara karaya.

Haɗarinta yakan ƙaru a irin waɗannan wurare idan babu kayan ceton rai a kusa. Magunguna irin su propofol kan rage numfashi, wani lokaci har ya tsaya. Wannan magani ne ya yi ajalin mawaƙin Amurka Michael Jackson a 2009, bayan likitansa ya ba shi a gida.

Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar likitocin wannan fanni suka fitar a 2018 sun tanadi cewa lallai ƙwararre ya tsaya a kan majiyyaci har a kammala aikin. Dole kuma a tanadi iskar oksijin, da na'urar da ake maƙalawa a yatsa domin auna yawanta a jini.

Idan ba aikin gaggawa ba ne, majiyyaci kan ƙaurace wa abinci na sa'o'i 6, ruwa kuma sa'o'i 2, gudun kada amai ya shiga huhu.