Man Da Ya Hana Dabbobin Teku Haihuwa

Mai karatu, yau tarihin wani mai zan ba ka, wanda ya kusa ƙarar da zuri'ar wasu dabbobi a Turai ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. Sunansa PCB. An fara yin sa don sayarwa a Amurka a 1929, daga baya kamfanin Monsanto ya zama uban tafiyar. Masu masana'antu sun so shi ƙwarai domin ba ya saurin kama wuta kuma ba ya ruɓewa, shi ya sa aka riƙa ɗura shi a cikin tiransifoma, ana kuma haɗa fenti da shi. Ashe rashin ruɓewar nan da ake yabo shi ne masifar.

Idan ya zube ruwa ya kwashe shi zuwa teku, ba ya narkewa, sai dai ya maƙale a cikin kitse. Ƙaramin kifi ya ci ƙwarin ruwa, babban kifi ya ci ƙarami, dabbar da ke cin babban kifin kuwa ita ke kwashe gubar kowa ta tara a jikinta. Abin tausayi, uwa takan juye wa ɗanta kaso mai yawa ta cikin nono, musamman ɗan fari.

Ba a farga ba sai a 1966, lokacin da wani masani a ƙasar Suwidin mai suna Sören Jensen yana binciken maganin ƙwari na DDT, ya ci karo da wannan baƙon sinadari a jikin kifi da gaggafa. To a tekun Baltik da ke maƙwabtaka da su akwai wata dabba da ake kira sil, mai ɗan kama da ayu, wadda ke haihuwa tana shayarwa. Mafarauta sun riga sun rage ta, sai ga shi waɗanda suka saura sun daina haihuwa. Da masana suka feɗe matan a shekarun 1970, sai suka tarar mahaifar da yawa daga cikinsu ta toshe. Nau'in sil mai ruwan toka, da ake ƙiyasta ya kusa dubu 100 a farkon ƙarni na 20, ya koma bai fi dubu 4 ba.

Masu musu suka ce ina hujja? Amsa ta fito daga Holan a 1986, inda Peter Reijnders ya ware matan sil 24 gida biyu. Rukuni ɗaya ya ciyar da su kifin gurɓataccen tekun Wadden, ɗayan kuma kifin Atlantika mai tsabta. A masu cin kifi mai tsabta 10 cikin 12 suka ɗauki ciki, a ɗaya ɓangaren kuwa 4 kacal.

Amurka ta haramta yin PCB a 1979, sannan a 2001 ƙasashen duniya suka sa hannu a yarjejeniyar Stockholm don kawar da shi. Nijeriya da Nijar na cikinta, domin mu ma an shigo mana da tiransifomomi masu irin wannan mai. Hanin ya yi amfani, don a shekarun 2020 sil mai ruwan toka na Baltik ya haura dubu 40.

Sai dai ɓarin mai ba ya kwasuwa duka. A watan Janairun 2016 aka tsinci gawar wata ƙatuwar dabbar teku da ake kira oka a gaɓar tsibirin Tiree na Sikotilan, igiyar masunta ta sarƙe ta. Masana sun daɗe da saninta, suna kiranta Lulu. Gubar da aka auna a kitsenta ta ninka iyakar da ake ganin tana cutarwa kusan sau 100. Ta kai shekara 20 a duniya, amma da aka duba ta sai aka ga ba ta taɓa haihuwa ba, kuma an shafe sama da shekara 20 ba a ga jariri ko ɗaya a garkensu ba.

Ka duba fa, mai karatu, shekara 37 ke nan bayan Amurka ta haramta shi. Wanda ya zubar da man wataƙila ya daɗe da barin duniya, amma man yana nan a ƙasan teku, kifi na ci, ana cin kifin.