Ƙanƙarar da ke Ƙarƙashin Fazzan: Shaidar Duwatsun Zighan Kan Tafiyar Nahiyoyi

Zighan ƙaramin gari ne na dabino a yankin Fazzan na Libiya, arewa maso gabashin Sabha, a jere ɗaya da Samnu da Tamanhint, kan tsohuwar hanyar ayari da ta taso daga Tarabulus zuwa Murzuk. A da, daga Murzuk wasu fataken kan gangara Bilma su shiga Barno, wasu su karkata ta Gat da Agadas su sauke kaya a Kano. Wanda ya baro Sokna sai ya ƙetare Jabal as-Sauda, tsaunukan baƙin dutse masu cin ƙafar raƙumi, kafin ya hango dabinon Zighan. George Lyon ya bi wannan hanya a 1819, Gustav Nachtigal ya bi ta a 1869, madugai kuwa sun riga su saninta da ɗaruruwan shekaru. Ruwan saman da ke sauka a yankin ba ya kai milimita 20 a shekara. Amma a cikin duwatsun Fazzan akwai shimfiɗar da ƙanƙara ce ta kankare ta, ƙanƙara mai kauri irin wadda ta lulluɓe nahiyar Antatika a yau.

A makarantun Kano da Zariya da Maraɗi, idan aka zo darasin motsin farantan ɓawon ƙasa, misalan da ake kawowa su ne Japan da Chile da tsaunukan Himalaya, wato bakin faranti, inda ake karo da girgiza da aman wuta. Sai ɗalibi ya tashi da tunanin cewa abin bai shafe shi ba, tunda ƙasar Hausa da Sahara suna zaune lafiya a tsakiyar farantin Afirka. Wannan fahimta gurguwa ce. Bakin faranti wuri ne mai cinye tarihinsa: ɓawon da ke ƙarƙashin manyan tekuna yakan nutse ya koma cikin ƙasa, shi ya sa da kyar ake samun wanda ya haura shekara miliyan 200. Tsakiyar nahiya ce ke adana labarin doguwar tafiya, kuma wurare kaɗan ne suka adana shi yadda Fazzan ta yi.

Alfred Wegener, Bajamushe masanin yanayi, shi ya fito da hujjar tafiyar nahiyoyi a 1912, ya faɗaɗa ta a littafi a 1915. Ya nuna yadda gaɓar Afirka ta yamma da ta Amurka ta Kudu suka dace da juna, da yadda burbushin halittu iri ɗaya ke ɓangarorin biyu na Atilantika. Masana suka juya masa baya don bai kawo ƙarfin da zai iya tura nahiya ba, ya rasu a Girinlan a 1930 ba tare da ya ga an karɓi maganarsa ba. Sai bayan da aka auna ƙasan teku, Harry Hess ya bayyana a 1962 cewa sabon ɓawo na fitowa daga tsagin tsakiyar teku, Fred Vine da Drummond Matthews kuma suka tabbatar da haka a 1963 da zanen maganaɗisun da ke jikin duwatsun, sannan magana ta sauya.

A daidai wannan lokaci masu neman man fetur na Faransa suna yawo a Sahara da guduma da taswira. A Tassili n'Ajjer na Aljeriya, da gefen kwarin Murzuk, da Jado a arewacin Nijar, suka riƙa cin karo da abin da bai kamata a gani a hamada ba. Falalen dutsen yashi ne sumul, an ja masa layuka dogaye a jere, duk sun fuskanci gefe guda, galibi daga kudu zuwa arewa. Iska ba ta yin irin wannan zane, ruwan kogi ma ba ya yi. Abin da ke yin sa shi ne ƙanƙara mai nauyi da ke jan ciki a hankali, da tsakuwa maƙale a ƙarƙashinta tana kartar duk abin da ta bi ta kai. A saman falalen kuma akwai cakuɗaɗɗen laka da tsakuwa da manyan duwatsu ba tare da an tace babba daga ƙarami ba, wanda shi ne irin kayan da ƙanƙara ke zubarwa idan ta narke. Akwai ma tsofaffin kwaruruka masu zurfi da ruwan narkewa ya haƙa a ƙarƙashin ƙanƙarar, daga baya yashi ya cike su. Serge Beuf da abokan aikinsa sun tattara waɗannan shaidu a wani babban littafi a 1971. Shekarun duwatsun sun kai kimanin miliyan 445, ƙarshen zamanin da masana ke kira Odobishiyan.

Mai shakka zai iya cewa ai wataƙila duniya ce gaba ɗaya ta yi sanyi, ba Afirka ce ta motsa ba. Tambayar na da nauyi, kuma akwai amsa biyu. Ta farko, a wannan zamani ɗaya, a tsibirin Anticosti na Kanada, duwatsun da suka taru na ruwan ɗumi ne, cike da murjani. Ke nan Kanada na kusa da tsakiyar duniya a lokacin da Sahara ke daskare. Ta biyu ta fi ƙarfi. Dutsen da ke da sinadarin ƙarfe yakan riƙe alkiblar maganaɗisun duniya na ranar da ya daskare, kuma yadda wannan alkibla ta sunkuya na nuna nisan wurin daga ƙuryar duniya. Awon da aka yi wa duwatsun tsohuwar babbar nahiyar Gondwana, wadda ta haɗa Afirka da Amurka ta Kudu da Indiya da Ostireliya da Antatika, ya ajiye ƙuryar kudu a arewa maso yammacin Afirka a wancan zamani. Yau Zighan na kan digiri 27 arewa da tsakiyar duniya. Tazarar ta haura kilomita 10,000, kuma idan aka raba ta da shekara miliyan 445 sai a sami santimita biyu da ɗoriya a shekara, kwatankwacin saurin da Atilantika ke buɗewa a yanzu. Lissafin ya zauna daidai ba tare da an matsa masa ba.

Wannan ƙanƙara ce ke biyan wani kaso na albashi a Libiya a yau, ko da yake kaɗan ne suka san haka. Da ta narke, teku ya taso ya mamaye arewacin Afirka, ya cika kwarurukan da ta bari. A ƙasan ruwan babu iskar shaƙa, don haka gawarwakin ƙananan halittun teku ba su ruɓe ba, suka taru cikin baƙar laka wadda ake kira Tanezzuft, sunan wani kwari kusa da Gat. Nauyin abin da ya hau kanta da zafin cikin ƙasa suka dafa ta, ta tsatso mai, man ya shige ramukan dutsen yashin da ƙanƙarar ta zubar, wanda ake kira Mamuniyat. Daga nan rijiyoyin Sharara, waɗanda suka fara aiki a 1996 kuma suna iya ba da ganga kusan 300,000 a rana, suke zuƙowa, haka ma rijiyoyin al-Fil da aka gano a 1997. Shimfiɗun kwarin Murzuk suna zaune ne kamar jeren ƙwarya, ƙarama cikin babba, shi ya sa mafi tsufa ke leƙowa a gefe. Zighan na kusa da bakin arewa, inda tudun Gargaf ya ɗago tsofaffin duwatsu sama. Tamar Wadi ash-Shati, wadda ta taru a wani teku marar zurfi kimanin shekara miliyan 370 da suka wuce, a wannan gefen take.

To mene ne ke tura nahiya? Ba wanda ya taɓa gani da ido. Daga doron ƙasa zuwa tsakiyarta kilomita 6,371 ne, rami mafi zurfi da ɗan Adam ya haƙa kuwa, na Kola a Rasha, ya tsaya a mita 12,262. Abin da aka sani daga girgizar ƙasa aka koya, domin igiyar girgiza na sauya sauri idan ta shiga wani abu daban, kuma akwai nau'in da ba ya ratsa ruwa sam. Ta haka Andrija Mohorovičić ya gano iyakar ɓawo a 1909, kimanin kilomita 35 a ƙarƙashin nahiya. Beno Gutenberg ya auna inda tsokar duniya, wadda ke ƙarƙashin ɓawo, ta ƙare, a zurfin kilomita 2,900, inda narkakken ƙarfe ya fara. Inge Lehmann, 'yar Denmak, ta nuna a 1936 cewa a cikin narkakken ƙarfen akwai wata cibiya dabam. Tsokar ba ruwa ba ce, dutse ne, amma zafi na sa ta malala a hankali cikin miliyoyin shekaru. Zafin kuwa wani ragowar na farkon halittar duniya ne, wani daga rugujewar sinadarai irin yuraniyom, wanda ake haƙa a Arlit. Ƙarfin da Wegener ya rasa yawancinsa nauyi ne: tsohon ɓawon teku ya yi sanyi, ya yi nauyi, ya nutse, ya ja sauran farantin a bayansa.

Inda bayanin ke tangarɗa shi ne baƙin dutsen da fatake ke tsallakawa kafin Zighan. Jabal as-Sauda daskararren aman wuta ne. Gabas da shi akwai al-Haruj, wanda ya rufe kusan murabba'in kilomita 45,000. Can kudu maso gabas akwai Waw an-Namus, rami mai faɗin kilomita 4 da ƙananan tabkuna a ciki da baƙin toka kewaye da shi, sannan Tibesti, inda Emi Kusi ya kai mita 3,415, tsauni mafi tsawo a Sahara. Duka suna nesa da bakin faranti. Wasu masana na ganin wani zafi ne ke tasowa daga can ƙasan tsoka yana huda ɓawo. Wasu na ganin tsofaffin tsage-tsage ne ke farfaɗowa saboda matsin da Afirka ke yi wa Turai, 'yan milimita kowace shekara. Ra'ayi na biyu ya fi kama hankali, domin wuraren aman wutar sun bi layin tsofaffin karaya, kuma karayar ba ta mutu ba: ran 19 ga Afrilu 1935 an yi girgizar ƙasa mai ƙarfin kusan maki 7 a yankin tsagin Hun, arewa da Zighan. Ta al-Marj ta 21 ga Fabrairu 1963 ba ta kai wannan ƙarfi ba, amma ta kashe kusan mutum 300.

Ƙasar Hausa na da nata shafukan a wannan tarihi. Kufena a Zariya da Kwatarkwashi a Zamfara saiwar tsaunuka ne da suka tashi kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da tsohuwar ƙasar yammacin Afirka ta yi karo da ta gabas da ita. A 1967 Patrick Hurley da abokan aikinsa suka bi iyakar da ke tsakanin duwatsu masu shekara miliyan 2,000 da masu miliyan 600, wadda ta faɗa teku kusa da Ankara ta Gana, suka yi hasashen za ta ɓullo kusa da São Luís a Barazil, kuma a can suka same ta. Duwatsun kuza, waɗanda maƙeran Riruwai suka daɗe suna narkawa kafin zuwan Turawa, suna da wani tsari na ban mamaki: na Ayar sun haura shekara miliyan 400, na Damagaram kimanin 300, na Jos da Afu sun sauko har zuwa 140. Shekarun na raguwa yayin da ake yin kudu, kuma muhawarar da ake yi a kan Haruj ita ake yi a kansu.

Kalambaina ma shaida ce. Farin dutsen da ake yin siminti da shi a Sakkwato ya taru ne a ƙasan teku kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce, kuma mai duba shi da kyau zai ga ɓawon halittun ruwa a jikinsa. Lokacin da Atilantika ke sabuwar buɗewa, zafafan tsaunukan ƙasan teku sun kumbura sun ture ruwa zuwa kan nahiyoyi, har wani siririn teku ya ratsa Sahara. A kusa da Goronyo aka tono ƙasusuwan wani babban ƙadangaren teku, aka raɗa masa suna Goronyosaurus. Tun ƙarni na 11 al-Biruni ya lura da irin wannan a hamadar Larabawa, inda masu haƙa rijiya ke fito da ɓawon halittun teku, ya ce lallai wurin teku ne a da.

Sanin wannan tarihi ba ado ba ne, kuma ruwa ya isa misali. Dabinon Zighan da famfunan Tarabulus duk daga tsohon dutsen yashin Fazzan suke sha. Aikin babban kogin da aka gina da bututu, wanda aka fara a 1984, ya kai ruwan rijiyoyin Hasawna zuwa Tarabulus a 1996. Ruwan ya shiga dutsen ne a zamunnan da Sahara ke da damina, na ƙarshensu ya ƙare kimanin shekara 5,000 da suka wuce, kuma abin da ake ɗiba yanzu ba ya dawowa. Duk wanda zai yanke shawarar yawan rijiyoyin da za a haƙa, a Sabha ko a Agadas ko a Sakkwato, ya kamata ya san irin dutsen da ya riƙe ruwan da shekarun ruwan kansa.

Don haka akwai aiki a gaban sassan nazarin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da Abdou Moumouni ta Yamai da Jami'ar Sabha. Duwatsun da suke nazari sarƙa ɗaya ce daga Gargaf zuwa Jos, iyakar ƙasa da bambancin harshen karatu ne kawai suka raba su. Su rubuta wa malaman sakandare bayanin waɗannan wurare da Hausa da Larabci, su kuma malaman su fitar da ɗalibai daga aji, a kai na Sakkwato Kalambaina, na Zariya Kufena, na Kano Riruwai, a sa musu dutsen a hannu kafin a buɗe musu taswirar Japan.