Matafiyi da Bindigarsa a Ƙasar Amurka

Ƙasar Amurka tarayya ce ta jihohi hamsin, kowace jiha kuwa da Gwamnanta da Majalisarta da dokokinta. Mutum ya kan tashi daga wannan jiha ya shiga waccan, ba shinge, ba mai tambayarsa fasfo. Amma akwai wani kaya wanda in matafiyi ya ɗauko shi, wani lokaci gada ɗaya ce kurum tsakaninsa da gidan kurkuku. Wannan kaya kuwa shi ne bindiga. Bari mu bi tarihi mu ga yadda abin ya zama haka.

Cikin shekarar 1791 aka ƙara sharuɗɗa goma a tsarin mulkin ƙasar. Na biyunsu ya hana a tauye wa jama'a haƙƙinsu na ajiye makamai da ɗaukarsu. To, amma an daɗe ana ɗauka cewa Gwamnatin Tarayya kaɗai wannan sharaɗi ya ɗaure wa hannu, saboda haka jihohi da garuruwa suka shiga kafa nasu dokoki, kowa gwargwadon damuwarsa. A garin Tombstone na ƙasar Arizona, alal misali, doka ta ce baƙo ya ba da ajiyar bindigarsa in ya sauka. Ran 26 ga Oktoba 1881 'yan doka suka je karɓe makaman waɗansu makiyaya da suka ƙi bin wannan umurni, aka yi ɗauki ba daɗi, mutum uku suka rasa rayukansu.

Cikin 1911 jihar Niyok ta kafa wata doka mai tsanani wadda a ke kira Dokar Sullivan, ta ce kowa ya ke son riƙe ƙaramar bindiga sai ya nemi lasin. Waɗansu jihohi suka bi sawunta. Waɗansu kuwa ba su bi ba, har ma jihar Vermont ba ta taɓa neman lasin daga hannun kowa ba. Tun daga nan dokokin suka yi hannun riga da juna.

Ita Gwamnatin Tarayya ba ta cika sa baki ba sai jini ya zuba. Cikin 1929 'yan fashin birnin Shikago suka bindige mutum bakwai rana ɗaya, ga kuma kashe-kashe irin waɗannan a wurare da yawa. Sai cikin 1934 aka sa harajin dala 200 a kan bindiga mai ruwa da waɗansu irinta, aka ce kuma a rubuta su a littafin hukuma. Cikin 1963 aka harbe Shugaba John Kennedy a birnin Dallas da bindigar da maharbin ya saya daga Shikago ta gidan waya. Cikin 1968 aka kashe Martin Luther King da Robert Kennedy. A wannan shekara aka yi dokar da ta hana aika wa mutane bindiga daga wata jiha ta gidan waya, ta kuma hana ɗan kasuwa ya miƙa ƙaramar bindiga ga wanda ba mazaunin jiharsa ba ne.

Waɗannan dokoki sun gyara sha'anin ciniki, amma ba su ce kome ba game da matafiyi. Maharbi zai bar gidansu inda bindigarsa halal ce, ya nufi dajin wata jiha inda ita ma halal ce, amma a tsakani sai ya ratsa inda ta zama laifi. Domin maganin wannan, cikin 1986 Shugaba Ronald Reagan ya sa hannu a wata doka mai ba matafiyi iznin wucewa, bisa sharaɗi uku. Na farko, ya zamana doka ta yarda masa da bindigar a inda ya fito da inda za shi. Na biyu, a cire mata harsashi. Na uku, a sa ta da harsashin inda hannu ba ya kai wa daga wurin zama, watau cikin but ɗin mota, in kuwa motar ba ta da but, cikin akwati kulle.

Sai dai iznin na mai wucewa ne, ba na mai yada zango ba. Cikin 2005 wani mutumin jihar Yuta ya shiga jirgin sama zuwa jihar Fensilbaniya, bindigarsa na cikin akwati kulle, ya kuwa shaida wa ma'aikata. Jirgi ya makara, ya rasa na gaba a birnin Newark na jihar Niyu Jasi, tilas ya karɓi kayansa ya kwana a masauki. Da gari ya waye ya koma ya sake shaida musu, sai aka kama shi. Daga baya aka janye tuhumar, shi kuwa ya kai ƙara. Cikin 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta ce dokar 1986 ba ta kāre shi ba, tun da ya kwana da akwatin a inda hannunsa ke kai wa.

Labarin wata mata 'yar Filadelfiya ya fi wannan ban tausayi. Tana da 'ya'ya biyu, tana kuma da lasin na jihar Fensilbaniya. Cikin 2013 ta haye Kogin Delaware ta shiga Niyu Jasi, ɗan sanda ya tsai da ita kan laifin tuƙi. Ita da bakinta ta ce masa tana da bindiga, ga kuma takardarta. Ashe takardar ba ta da amfani a wannan gaɓa ta kogin. Aka tsare ta, aka tuhume ta da laifin da hukuncinsa bai kasa shekara uku a kurkuku ba. Jama'a suka yi ta ƙorafi, har Gwamna Chris Christie ya yi mata afuwa cikin 2015. Gaskiyar masu magana, baƙo ko da ido makaho ne.

Cikin 2017 Majalisar Wakilai ta amince da wani shiri na tilasta wa kowace jiha karɓar lasin ɗin 'yar'uwarta, amma bai wuce a Majalisar Dattawa ba. Masu goyon bayansa suka ce lasin tuƙi yana aiki ko'ina, don me haƙƙin da tsarin mulki ya ambata zai ƙare a bakin iyaka? Masu ƙinsa suka ce birni mai cunkoso ba ɗaya ya ke da ƙauyen makiyaya ba, in kuwa aka yi haka, dokar jihar da ta fi sassauci ita za ta zama dokar kowa.

Cikin 2022 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa haƙƙin ɗaukar bindiga bai tsaya cikin gida kaɗai ba, ta soke sharaɗin Niyok na cewa sai mai neman lasin ya kawo dalili na musamman. Amma ba ta ce wata jiha ta karɓi takardar wata ba. Ya zuwa 2024 fiye da rabin jihohin sun daina neman lasin, alhali Niyok da Niyu Jasi ba su karɓar na kowa sai nasu.

To, jama'a, kun ji yadda shekara fiye da ɗari biyu suka wuce ba a daidaita ba. Mutanen nan biyu ba su yi nufin ɓarna ba, kuma ba su ɓoye kome ba, amma kyakkyawar niyya ba ta hana a kulle su ba. Takarda iyakar ƙarfinta ƙasar wanda ya buga mata hatimi. Saboda haka wanda zai yi tafiya da abin da hukuma ke sa wa ido, ya binciki dokar inda za shi, da ta kowane wuri da zai ratsa, tun bai ɗaura kaya ba. Matambayi ba ya ɓata.