Tarihin Koyon Harsunan Waje a Japan

Japan ƙasa ce da kusan dukkan mutanenta ke magana da harshe ɗaya, amma masananta sun daɗe suna karatu da Sinanci, wanda daga gare shi aka aro tsarin rubutu. Bayan gwamnatin Tokugawa ta taƙaita hulɗa da ƙetare, ta killace fataken Holan a tsibirin Dejima na Nagasaki a 1641, inda aikin tafinta ya zama sana'ar gado ta wasu gidaje. Daga nan Rangaku ya samo asali, wato nazarin ilimin Turai da harshen Holan, har Sugita Genpaku da abokansa suka fitar da fassarar littafin sassan jikin mutum a 1774.

Zuwan jiragen ruwan yaƙin Amurka a 1853 da sauyin mulkin Meiji na 1868 sun ba Ingilishi fifiko, sai dai an fi koyar da shi ta nahawu da fassara, domin karanta littattafai aka sa gaba. Raunin ɗalibai wajen magana na cikin dalilan da suka sa aka kafa shirin JET a 1987, mai ɗauko matasa daga ƙetare su taimaka wa malamai, kuma daga 2020 Ingilishi ya zama cikakken darasi a aji biyar da shida na firamare.