Waiwaye: Yadda Wuse ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci

Lokacin da Janar Murtala Muhammed ya ayyana Abuja a matsayin sabon babban birni a 1976, Wuse ƙauyen Gbagyi ce. Aka tashe su, aka mayar da da yawansu Sabon Wuse a Jihar Neja. Hukumar raya birnin, FCDA, ta yanka unguwar shiyya bakwai, ta gina rukunin gidaje don ma'aikatan da za a kwaso daga Legas. Da gwamnatin Babangida ta tare a ranar 12 ga Disamba, 1991, akawu ko sakatare kan samu wurin zama a tsakiyar birni, ya taka da ƙafa zuwa kasuwa. Gidan ba nasa ba ne, amma asirinsa a rufe yake.

A 1992 aka kafa asusun gidaje na NHF. Ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, bankin lamunin gidaje na FMBN kuma ya ba shi rance da ruwa kashi 6, ya biya cikin shekara 30.

Babban sauyi ya zo zamanin Obasanjo. A 2003 gwamnati ta ce ta daina bai wa ma'aikata gida, sai dai kuɗin haya a cikin albashi. Daga 2005 ministan Abuja, Malam Nasiru El-Rufai, ya sa gidajen a kasuwa. Mazaunin gida aka fara yi wa tayi: ya ajiye kashi 10, ya nemo sauran. Wanda ya iya ya zama mai gida a Wuse, arzikin da 'ya'yansa ke ci har yau. Wanda ya kasa ya sayar wa mai hali da takardar tayinsa, ya kwashi iyali zuwa Kubwa, Nyanya ko Mararaba. Sannu a hankali gidajen kwana suka koma ofisoshi da kantuna da otal-otal.

Tallafi bai tsaya ba. A 2022 hukumar fansho ta PenCom ta yarda ma'aikaci ya ɗebi kashi 25 na ajiyar fanshonsa ya yi kafin alƙalamin sayen gida, bankuna irin su Jaiz kuma sun buɗe ƙofa ga mai gudun riba. Sai dai bayan kuɗin gida akwai la'adar dillali, da kuɗin lauya, da na amincewar minista, da na rajista a hukumar filaye ta AGIS. Mai albashin naira 70,000 ina zai fara? Ko gidaje 3,112 da Shugaba Tinubu ya aza harsashinsu a 2024, a Karsana suke, can bayan gari.

Abin da ya ba ma'aikacin jiya gida a Wuse shi ne gwamnati ta ɗauke masa tsadar fili. Muddin ba a ware filaye kusa da wurin aiki don mai sayen gidan farko ba, rance zai ci gaba da kai matasanmu Masaka da Suleja, sufuri kuma ya cinye abin da ya rage na albashi.